An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga kuka kama aikin gwamnati, akwai wani ciniki da ya kafu a tsakaninmu wanda ya kamata a tona asirinsa tun bai cinye ɗan guzurin da iyaye ke aiko mana ba. Cinikin kuwa shi ne na sayar da manyan kalmomin Turanci ga masu shirin jarrabawar GMAT, watau jarrabawar nan da yawancin manyan makarantun sha'anin kasuwanci na Amurka da Turai ke karɓa daga mai neman digiri na biyu. Sai ka ga saurayi ya baro Ruma ko Runka da kuɗin buhun gero, ya miƙa wa wani mai darasin yamma, shi kuwa ya danƙa masa tarin takardu cike da kalmomin da ko mutumin Landan sai ya buɗe ƙamus, ya ce masa je ka haddace. Ya haddace, ya biya kuɗin jarrabawa da dalar Amurka, sakamako ya fito ba daɗi, sa'an nan a ce wai ai mutumin ƙauye ba ya iya Turanci. Haba!

Bari mu duba jarrabawar kanta. An fara ta a 1954, aka sa mata sunan da take da shi yanzu a 1976, a ƙarshen 2023 kuma aka sake mata fasali. A sabon fasalin, sashen auna magana yana da tambayoyi 23 cikin minti 45, watau kowace tambaya ba ta sami minti 2 cikakku ba, makinsa kuwa daga 60 ne zuwa 90. Tambayoyin gyaran jimla, waɗanda a da su ne gonar masu nahawu, an soke su gaba ɗaya, haka ma rubutun insha'i. Abin da ya rage iri biyu ne: a ba ka dogon bayani ka faɗi abin da marubuci ke nufi, ko a ba ka gajeriyar da'awa ka nuna abin da zai ƙarfafa ta, ko abin da zai rushe ta, ko abin da mai ita ya ɗauka tabbas ne bai faɗa ba. To, ina gurbin hadda a nan?

Ga misali daga gida. A watan Satumba na 2021, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. A ce wani ya miƙe a taro ya ce, tun da aka katse waya rahoton hari ya ragu, saboda haka katsewar ta kawo zaman lafiya. Na rantse ba sai an je jami'a ba, tsohon da ke sayar da goro a kasuwar Batsari zai tare shi ya ce, "Yallaɓai, da wace wayar za a kawo maka rahoton?" Wannan tsohon ya amsa tambayar GMAT daidai, don ya gane cewa mai magana ya ɗauki ƙarancin labari a matsayin ƙarancin hari. Abin da ya raba shi da mai maki 85 shi ne iya karanta tambayar da Turanci cikin sauri, ba wani abu ba.

Ashe kuwa hankalin muna da shi. Abin tambaya shi ne a ina muke zubar da shi tsakanin ƙofar gida da ƙofar aji. Ni dai na ce a makaranta. Tun daga firamare aka koya mana cewa yaron kirki shi ne mai mayar wa malam abin da ya faɗa ba ragi ba ƙari. Muka zo jami'a, muka tarar takardun da malami ya raba su ne dokar ƙasa, mai tambaya kuwa sunansa fitsararre. Je ka zauren muhawarar ƙungiyarmu ka gani: wanda ya fi zuba dogon Turanci shi ake yi wa tafi, ko da maganarsa ba kai ba gindi. Shekara 16 muna karatun aku, sa'an nan mu yi mamaki don jarrabawa ta ce mu yi tunani!

Abin kunyar ma shi ne a ƙasar Katsina ake wannan. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan Manɗiƙi, watau ilmin auna hujja, har ya yi musu da Shehu Suyuɗi na Masar a kan halaccin koyonsa. Har gobe a zauren malamin fiƙihu ana jefa wa almajiri mas'ala a ce ina dalili.

Kada wani ya ce na raina Turanci. Da shi ake jarrabawar, kuma wanda bai saba da dogon karatu ba lokaci zai ƙare masa yana sakin layi na biyu. A nan ne 'yan gefen Dajin Rugu aka cuce mu ƙwarai, domin bayan sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamba na 2020 an rufe makarantun kwana na jihar, ƙannenmu da yawa kuma sun yi watanni ba su buɗe littafi ba. Maganin wannan karatu ne mai yawa, kullum. Ka ɗauki sharhin jarida guda, ka karanta da agogo a gabanka, ka rufe, ka faɗa wa abokinka da Hausa cikin jimla ɗaya abin da marubucin ke so a yarda da shi da kuma abin da ya dogara a kansa. In ka kasa faɗa da Hausa, to ba ka gane da Turanci ba, kada ka yaudari kanka. Sa'an nan in ka zo kan tsofaffin tambayoyin da masu jarrabawar suka buga da kansu, kada ka tsaya ga amsar da ta dace. Bi sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya ka faɗi laifin kowace. Tambaya 10 da aka yi wa haka sun fi 100 da aka bi a guje.

Saura ku shugabannin ƙungiya. Kuɗin da muke biya kowace shekara ya isa a riƙa ajiye jaridu a ɗakin hutawa, a kuma sayi littafin tambayoyin nan ko da kwafi 2 ne. A muhawara ta gaba, a ba alƙalai umurni su rage makin duk wanda ya kawo da'awa ba hujja, kome daɗin bakinsa, a kuma yarda a yi zagaye ɗaya da Hausa mu ga wa zai tsaya. Ƙungiyoyin ɗaliban Batsari da na Safana kuwa, hutu na zuwa, ƙannenmu na jiran wanda zai zauna da su ya karanta.