Sabuwar Sienna Da Tsohuwa: Su Wa Aka Tambaya Ko Sun Gamsu?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako, wata muhawara ce da ta tashi a gidanmu ranar da muka taru bayan girbi. Yayana yana da mota Toyota Sienna ƙirar 2013, wadda ta zama motar dangi gaba ɗaya. Ita ke kai amarya, ita ke kai marar lafiya asibiti da tsakar dare, ita ce kuma ke kwaso masara daga gona. Sai ya ce yana so ya sayar da ita, ya haɗa da kuɗin wani fili, ya ci bashin ragowar, domin ya sayo sabon samfurin da kamfanin ya fara fitarwa a ƙirar 2021. Hujjarsa ita ce, yaransa sun nuna masa a waya cewa masu sabuwar a Amurka suna ta yabonta. Na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri in yi tambaya. Su wa aka tambaya, kuma yaushe aka tambaye su?" Na san ba gidanmu kaɗai ake wannan magana ba, shi ya sa na kawo ta nan.

A Amurka ake ƙera Sienna, a garin Princeton na jihar Indiyana, kuma domin iyalan can aka tsara ta. Mu dai tana iso mu ne bayan ta sha hannu. Samfurin farko ya fito a ƙirar 1998, na biyu a 2004, na uku a 2011, shi ne kuma ya daɗe har zuwa 2020. Na biyu da na ukun nan su ne suka cika tashoshinmu, suna lodin Abuja da Jos da Kaduna da Legas. Dukansu an san su da inji mai silinda shida. A samfuri na huɗu sai kamfanin ya ajiye wannan injin gaba ɗaya, ya sa ƙarami mai silinda huɗu, ya haɗa shi da injinan lantarki da babban batir. Watau motar ta zama mai aiki da fetur da lantarki tare, abin da ake kira haibirid, kuma babu zaɓi, duk wadda ka saya haka take. Ba a jona ta da wutar gida. Ita ke caja kanta sa'ad da take tafiya, musamman idan an taka birki.

Bari in fara ba sabuwar hakkinta, gama yabon da ake yi mata ba ƙarya ba ne. Bisa ga awon hukumar kare muhalli ta Amurka, tana yin mil 36 da galan ɗaya, watau kusan kilomita 15 da lita guda. Tsohuwar, idan an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, kusan kilomita 9 take yi. Duk wanda ke sayen mai tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafi, ya san nauyin wannan bambanci. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin wannan rana, ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024. Mutumin da ke yin kilomita 20,000 a shekara, a bisa wancan awo zai rage sayen mai da kusan lita 900. Wannan kuɗin makarantar yara ne, ba abin rainawa ba.

Amma fa akwai abin lura a cikin lissafin. Ribar haibirid ta fi fitowa a cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, domin a cunkoso injin fetur kan kashe kansa, batir ya ɗauki aikin. A gari tsohuwar kilomita 8 kawai take yi da lita, sabuwar kuwa 15. A babbar hanya tsohuwar tana kai 11, sabuwar tana nan a 15 ɗinta. Saboda haka a tafiyar kilomita 300 bambancin kusan lita 7 ne kawai. Mai kai yara makaranta a Abuja ya ci riba babba. Mai doguwar tafiya zuwa ƙauye ya ci riba, amma ba irin wadda yake zato ba.

Su kansu masu sabuwar a can suna da ƙorafi, kuma ƙorafin nasu ya fi yabon amfani a gare mu. Suna cewa idan an taka ta da ƙarfi, ko a hawan tudu da lodi, ƙaramin injin yana kuka sosai. Ƙarfinta doki 245 ne, alhali tsohuwar ta shekarun 2017 zuwa 2020 tana da 296. Suna kuma kukan cewa an gina wani dogon akwati tsakanin direba da na gefensa, har uwa ba ta iya ratsawa ta koma baya wurin yaro. Babban ƙorafin dai shi ne na kujerun tsakiya. A tsohuwar, mutum kan ɓalle su ya ajiye a gida, ya naɗe na baya cikin ƙasa, motar ta koma kamar akori-kura mai rufi. A sabuwar ba a cire su, domin an sa jakar iska ta kariya daga haɗari a jikinsu. Sai dai a tura su gaba. Da wannan, wurin kayan da za a iya samu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ga Ba'amurke wannan damuwa ce ta lokaci-lokaci, ran da zai sayo katako ko zai kai ɗansa jami'a. A wurinmu kuwa rabin aikin motar ke nan. Buhunan hatsi, kujerun biki, katifar ɗalibi, marar lafiyar da ba ya iya zama sai an shimfiɗa masa, har da akwatin gawa ran da aka yi rashi a dangi. Na san wani zai ce ai bakanike zai kwance kujerun da sifana. Zai kwance, amma zai taɓa wayar jakar iska, kuma wasa da wannan na'ura wasa ne da rai.

Yanzu sai mu koma ga tambayar da na yi wa yayana. Kamfanin J.D. Power, wanda ya yi suna wajen auna gamsuwar masu motoci a Amurka, yakan tambayi masu sabuwar mota ra'ayinsu bayan kwana 90 da saye. Binciken da yake yi a kan ƙarko kuma, motoci masu shekara uku yake dubawa. To, wace mota ce ke ɓata wa mai ita rai a cikin wata uku? Amarya ai ba ta laifi. Mutumin nan da aka tambaya ya sayi motarsa fil a leda, a kan sama da dala 34,000, hanyarsa sumul, kuma Toyota ta ba shi garanti a kan babban batirin na shekara 10 ko mil 150,000. Idan wani abu ya taso, ya kai wa dillali a gyara. Mu kuwa mun saba haɗuwa da mota a daidai lokacin da wancan ya gama cin amarcinta, wata ma sai bayan ta yi haɗari ko ta sha ambaliya aka yi gwanjonta. Alkawarin da aka yi masa a can, kada ka sa ran zai biyo jirgin ruwa ya same ka. Gamsuwarsa gaskiya ce, amma ta shekarun farko ce, kai kuwa na ƙarshen za ka saya.

A nan ne tsohuwar ta fi ƙarfi. Injinta mai lita 3.5 irinsa ne a cikin Highlander da Avalon da Lexus RX 350 da wasu Camry. Ka shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, za ka sami kayansa sabo da na hannu, yaron gareji ma ya san shi. Sabuwar tana son wani irin hannu dabam. Wayoyinta masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, wadda za ta iya kashe mai taɓawa da ka. Baƙin man da aka rubuta mata siriri ne ƙwarai, mai lamba 0W-16, ba irin wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba. Na'urar sanyaya ɗakinta da lantarki take aiki, tana da nata mai na musamman, idan aka zuba na sauran motoci an jawo babbar ɓarna. Batirin kuma yana ƙarƙashin kujerun gaba, iska ce ke sanyaya shi ta wata fanka mai matata. Wanda ya san ƙurar hunturu a arewa, ya san abin da zai sami matatar da ba a sharewa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa haibirid ba ta da ƙarko. Toyota ta fara sayar da irin wannan fasaha tun 1997 a cikin Prius, ta daɗe tana gogewa. Motar ba ta da sitata da altanato irin na sauran motoci, biyu daga cikin abubuwan da suka fi tsayar da mu a hanya, birkinta ma yakan daɗe bai cinye ba. A ganina, a matsayin ƙira, sabuwar ta fi. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya sayar da fili, ya ɗauki bashi, ya rabu da motar da ya san ciwonta da maganinta, saboda murnar wani da ke zaune a wata ƙasa. Ribar man nan ta lita 900 sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta biya bambancin kuɗin motocin biyu, balle idan bashin mai ruwa ne.

Wanda ke zaune a babban birni, mutane yake ɗauka ba buhu ba, kuɗin kuma nasa ne a hannu, ni ba zan hana shi ba. Sai dai kafin ya biya, ya nemo bakaniken da ya taɓa aikin haibirid, a sa kwamfuta a duba lafiyar batirin, a kuma bi lambar jikin motar a ga tarihinta, ko ta taɓa nutsewa a ruwa. Ya tambayi kuɗin batirin a kasuwa tun bai bukace shi ba. Ya kuma nemi wanda ya yi shekara biyu ko uku yana tuƙa irinta a kan hanyoyinmu, ya zauna da shi ya ji daga bakinsa.

Yayana ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ƙanena, ka faɗi naka, amma kai ba ka sayen mai." Aka yi dariya, gama da gaskiyarsa, babur nake hawa. Daga baya dai muka daidaita a kan ya bar filin, ya canja tayoyi da abin da ya gaji a ƙafafun motar, ya kuma riƙa rubuta kuɗin man da yake sha kowane wata a littafi. Idan shekara ta zagayo, za mu buɗe littafin a taron gida mu sake lissafi.