Halin Mutum da Tashar da Yake Kamawa

A wannan wata ina so mu taɓa wani abu da na daɗe ina lura da shi a aji da kuma a zaure, wato yadda abin da mutum yake saurare yake bin sawun halinsa.

Baffana, Allah ya jiƙansa, manomi ne a Maiwurno. Yana da wata rediyo da ya ɗinka wa riga saboda ƙura. Da asuba ya kama Landan, wadda ta soma Hausa tun 1957, da rana ya murɗa Jamus, da dare kuma ya koma Omdurman ya ji da Larabci. Ba ya ɗaukar labari ya kai masallaci sai tasha biyu sun faɗe shi. To haka yake a kasuwa ma, ba ya sakin buhun riɗi sai ya ji farashi daga bakin mutum uku. Ba rediyo ce ta koya masa taka-tsantsan ba, da abinsa ya zo mata.

A ajina nan Damazin ma haka nake gani. Yaro mai surutu, wanda ba ya iya zaman minti biyar, TikTok ne abinsa da gardamar Hilal da Marrik. Yarinya mai kawaici kuwa sai ta bi Labarina kashi bayan kashi. Akwai kuma masu begen ƙasar kakanni da ba su taɓa gani ba, su ne 'yan finafinan Kano, kuma ban ƙi ba, don Hausarsu ta fi ta sauran tsabta daga Larabci. Masana halayyar ɗan Adam sun binciki wannan. A 2003 wasu biyu a jami'ar Texas ta Amurka, Rentfrow da Gosling, sun gano cewa masu son sanin sabon abu sun fi karkata ga kiɗa mai zurfi, masu son shiga jama'a kuma ga mai zafi. Amma kada wani malami ya yanke wa yaro hukunci da wannan, dangantakar ba ta kai ƙarfin haka ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da hira ce ta shan jabana. Sai dai mun ga Yulin 2022, mun ga Oktoban shekarar a Wad al-Mahi. An rasa rayuka da gidaje, wannan gaskiya ce. Amma a gefen gaskiyar saƙonnin murya sun yi ta yawo a WhatsApp, ba a san mai maganar ba, ba a san ranar ba. Waɗanda suka fi saurin turawa kuwa, da na duba, su ne waɗanda dama muka sani da gaggawa ko yawan tsoro. Ban cire kaina ba. Na tura wani saƙo cewa an ƙone wani ƙauye, ashe ba haka ba ne, kuma wata gwaggota ta kwashi jikokinta cikin dare da ruwan sama saboda shi.

Ga inda zamani ya bambanta. Rediyon Baffa ba ta san shi ba, abin da ta faɗa masa shi ta faɗa wa maƙwabcinsa. Wayar hannu kuwa tana karantar mai ita: Facebook da TikTok suna lura da abin da ka tsaya kallo, su ƙaro maka irinsa. Mai tsoro a ƙara masa abin tsoro, mai fushi a hura masa wuta.

Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, sai ga tsofaffin rediyoyi sun fito daga ƙarƙashin gado. Tun lokacin, duk ɗalibin da ya kawo mini labari, kafin ya zauna sai ya faɗa wa aji wa ya faɗa, yaushe, kuma me ya sa shi da kansa ya so ya yarda. Tambaya ta ukun ce take ba su wuya.