Ire-iren Jimla a Bakin Iyakar Jibiya: Ina Gurbin Jimla Marar Aikatau?

Nahawun Ingilishi na makaranta ya kasa jimla gida huɗu bisa aikinta: ta bayani, ta tambaya, ta umarni da ta motsin rai. Bisa ƙira kuwa akwai sassauƙa, harɗaɗɗiya da sarƙaƙƙiya. Wannan rabo ya ginu a kan sharaɗin cewa cikakkiyar jimla sai da aikatau. Da yawa daga cikin masu koyar da Hausa sun ɗauki rabon tare da sharaɗin, alhali Hausa ba ta bin sa.

Zancen da ake yi a Magama ta Jibiya, kan hanyar Katsina zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ya isa hujja. Jami'i kan ce: "Ina takardarka?" Direba ya amsa: "Ga ta." A ce: "Buhu nawa?" Ya ce: "Arba'in ne." Duk waɗannan jimloli ba su da aikatau, kuma kowacce ta cika. Dirka da kalmomin akwai, babu da ga su ke ɗaukar nauyin da aikatau ke ɗauka a Ingilishi. Newman (2000) da Jaggar (2001) sun yi wa wannan nau'i cikakken bayani, amma ɗalibin da aka horar da ma'aunin Ingilishi yakan ɗauke shi guntun zance.

Umarni ma hawa-hawa ne. "Sauko!" ya fi "Ka sauko" kaifi, "A sauko" kuwa yana sakaya wanda ake umarta domin ladabi, sannan hani sai da kada. Dattijon direba ya san wanda aka girmama shi da shi. Gida ɗaya na "jimlar umarni" ya yi wa wannan bambanci kaɗan.

Saboda haka ya kamata darasin jimlar Hausa ya fara da raba mai aikatau da marar aikatau, kafin a zo kan aiki da ƙira. Misalan kuma a ɗebo su daga bakin jama'a. Jibiya ta dace da wannan, domin Hausa ce ke haɗa wanda ya yi boko da Ingilishi da wanda ya yi da Faransanci. An rufe iyakar a 2019 da 2023, aka sake buɗe ta a 2024. Yanzu da hanya ta samu, sassan Hausa na jami'o'in Katsina su tura ɗalibai su naɗo wannan zance.