RA'AYINMU: Kwamfuta Da Hannu Ake Koyonta

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Nyanya ya ratsa garin Karu ya nufi Jikwoyi da Karshi, a cikin Birnin Tarayya Abuja, zai ga ƙananan shaguna jere a bakin hanya, kowanne da kwamfuta biyu ko uku, da firinta, da ɗan janareta yana kuka a ƙofa. Idan ya leƙa ciki zai tarar da samari da 'yan mata a tsaye, kowa da takarda a hannu yana jiran layi ya zo kansa. Da yawansu ɗaliban kwaleji ne da na jami'a. Wani ya zo a buga masa aikin da malami ya ba shi, wani a yi masa rajistar darussa, wani kuwa a buɗe masa imel, domin shi da kansa ba zai iya ba.

Wannan magana ta shafe mu, mu mazauna Kurmi. Karu da maƙwabtanta na jihar Nasarawa, wato Mararaba da Masaka, nan ne talaka ke samun wurin zama tun da kuɗin haya a tsakiyar Abuja ya gagare shi. Mutanenmu na Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabo a Ibadan, da na Fatakwal, da yawa sun tura 'ya'yansu wajen 'yan'uwa a can domin su yi karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ko Kwalejin Ilmi ta Zuba, ko Jami'ar Abuja. Uba yana nan cikin rana yana dako ko gadi ko cinikin shanu, yana aika kuɗin makaranta, da zaton ɗansa yana samun ilmin zamani cikakke. Ya kamata ya san cewa akwai wani yanki na ilmin nan da ke wuce yaran, kuma shi ne wanda za a fara tambayarsu ranar neman aiki.

Ba yau hukuma ta san da batun ba. Tun a watan Disamba na 1987, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilmi, aka kafa kwamitin ƙasa a kan koyar da kwamfuta, kuma a 1988 aka fitar da manufar gwamnati game da shi. A 2001 aka kafa hukumar NITDA mai kula da bunƙasa wannan fasaha, wadda ta ɗauki alkawarin cewa kafin 2030 kashi 95 cikin 100 na 'yan Nijeriya za su iya aiki da na'urorin zamani. A 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin horar da mutum miliyan 3. A kan takarda dai babu abin da ba a tanada ba.

Amma fa a aji labari ya sha bamban. Galibin makarantun gaba da sakandare suna da darasin share fagen kwamfuta wanda ɗalibin shekarar farko ko ta biyu zai ɗauka. Sai dai sau da yawa a kan allo ake yin sa. Malami ya zana hoton na'urar da alli, ya faɗi sunayen sassanta, ya ba da tarihin waɗanda suka ƙirƙiro ta, ɗalibai ɗaruruwa su kwafa a littafi, su haddace, su ci jarrabawa. Ɗakin kwamfutar kuwa yana can a kulle, ko don babu wuta, ko don babu kuɗin man janareta, ko don na'urorin ba su kai yawan ɗaliban ba. Ai babu wanda ya taɓa koyon tuƙin mota ta hanyar haddace sunayen sassan inji, kuma babu telan da ya ƙware bai taka keke ba.

Akwai wani ruɗi da ya kamata iyaye su fita daga cikinsa. Don yaro ya iya latsa waya, yana WhatsApp da Facebook har tsakar dare, sai a ce ai wane ya san kwamfuta. Waya daban, aikin ofis daban. Abin da ake nufi da ilmin farko shi ne ɗalibi ya iya buga rubutu da yatsunsa goma, ya tsara wasiƙa, ya adana fayil inda zai same shi gobe, ya yi lissafin kuɗin shiga da na fita a jadawali, ya aika imel da takarda maƙale a jiki, ya cika fom a intanet ba kuskure, ya kuma san yadda zai tsare lambobinsa na sirri daga 'yan damfara. Wannan duka ba ya bukatar shekara huɗu. Wanda ya samu na'ura a gabansa awa ɗaya kowace rana, cikin 'yan watanni hannunsa zai faɗa.

Rashin wannan ilmi kuwa yana da tsada. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 kuma hedkwatarta ke Bwari, ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina amfani da takarda da fensir ɗungurungum. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa. Rajistar bautar ƙasa da neman aikin gwamnati da shiga aikin soja ko na ɗan sanda duk sun koma intanet. Wanda ya miƙa wa mai shago sunansa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta sirri, idan aka yi kuskuren harafi ɗaya, shi zai yi ta zarya yana biyan kuɗin gyara. Mun kuma ga abin da ya faru a 2025, lokacin da matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin Kudu maso Gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara aka sake jarrabawar cikin 'yan kwanaki. A irin wannan rana ta gaggawa, yaron da ya saba da na'urar shi ne hankalinsa zai kwanta.

Mu 'yan Arewa mun taɓa shan irin wannan. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko a 1859, Kwalejin Katsina kuwa sai a 1922. Wannan rata ta fiye da shekara 60 har yau ba mu gama biyan bashinta ba, kuma mu da muke zaune a nan muna ganin sakamakonta kullum a ofisoshi da bankuna da tashar jiragen ruwa. Wancan karon ana iya cewa Turawan mulki ne suka tsara haka. Wannan karon ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kwalejoji da jami'o'i da su mayar da wannan darasi na aiki da hannu, kada ɗalibi ya ci shi sai ya zauna gaban na'ura ya yi abin da aka ce a idon malami. Asusun TETFund, wanda ke ba makarantun gwamnati kuɗin gine-gine da kayan aiki, ya riƙa haɗa kowane ɗakin kwamfuta da wutar sola, ya kuma riƙa komawa yana duba ko ɗakin a buɗe yake. Hukumar Birnin Tarayya da Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, wadda Karu ke ƙarƙashinta, su buɗe ɗakunan makarantun sakandare da yamma da lokacin hutu domin ɗaliban unguwa.

Namu aikin kuma ya fi na kowa sauƙi. Kasuwar kwamfuta ta Ikeja tana nan kusa da mu. Uban da ya yi niyyar saya wa ɗansa babbar waya, ya daure ya ƙara ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce, idan kuɗin bai kai ba 'yan'uwa biyu ko uku su haɗa. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu, waɗanda ba sa gajiya wajen tara kuɗin biki da na jana'iza, su ware ɗaki ɗaya a kowace unguwa, su sa na'ura biyar ko goma, su ɗauki matashi ɗaya ya riƙa koyarwa da Hausa. Kada kuma a bar 'ya'ya mata a baya, domin wannan sana'a ce da mace za ta iya ci da ita daga cikin ɗakinta.

In ɗanka ya zo hutu, ka zaunar da shi gaban kwamfuta ka ce ya rubuta wa kawunsa wasiƙa ya aika. A nan za ka san abin da kuɗinka ya saya. Allah ya sa mu gane.