Jirgi Ya Kawo Jini, Wa Zai Ƙara Mata?

Kun sha yi mini ƙorafin ina kashe jarumaina mata wajen haihuwa. Ba mugunta ba ce, haka na rasa ƙanwata, ana neman jini har ta cika.

Shi ya sa na yaba wa kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitocin karkarar Ruwanda da jirgi marar matuƙi a 2016, ya shiga Ghana a 2019, Kaduna a 2022.

Amma fa jirgi dako kawai yake yi. Sai an samu mai ba da jinin, da malamar asibitin da za ta ƙara shi cikin dare. Wannan nauyin yana wuyan gwamnati, kada ta fake da kamfani.

Allah Ya sauki mata lafiya.