A Bar Yara Su Kama Ƙwari

Ya ku 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, akwai wata hasara da muke yi wa 'ya'yanmu ba mu ankara ba. Yaron da ya tashi a ƙauyen Katsina ko Zazzau ya san shinge da gyare da buzuzu tun bai shiga aji ɗaya ba. Namu kuwa a ɗakin haya suka buɗe ido, in ka ɗebe sauro da kyankyaso ba su san wani ƙwaro ba. Ran da yaro ya yi sa'a ya kamo fara, sai a daka masa tsawa, wai ƙazanta ce.

Alhali kuwa nan ne kimiyya take farawa. A ba yaro kwalba, a huda murfinta, ya sa tsutsa tare da ganyen da ya same ta a kai, yana rubuta abin da ya gani kowace safiya. Zai ga ta ci ta ƙoshi, ta daina motsi, ta shige kwanso, bayan 'yan makonni ta fito da fukafukai. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar hadda.

Kada wani ya ce wasa ne. A shekarun 1970 wani ɗan farin ƙwaro ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu, ya tasam ma rogo. Masanan cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Badun suka samo wata 'yar mitsitsiyar rina daga can inda ya fito, wadda take saka ƙwanta cikin jikinsa, suka fara sakinta a 1981, rogo ya tsira. Fatakenmu na goro ma sun san abin da sankara take ci musu kowace shekara, ita ma tsutsar wani ƙwaro ce da yake huda goro ya zuba ƙwai. To, wa zai yi mana maganinta in mun hana yara dubawa?

Gaskiya ne akwai kunama, akwai kwata mai ƙazanta, amma maganin wannan shi ne babba ya raka su. Muna kira ga sarakunan Hausawa da malaman makarantun unguwanninmu su ware safiyar Alhamis, tun da ba a karatun allo, ko ta Asabar ga 'yan boko, a kai yara fili ko gefen gona, maza da mata, kowa da kwalbarsa da littafinsa.