Wankin Wankiya: An Sace Injin, An Bar Littafin a Ƙasa

A wannan watan sai ka yi haƙuri da ni, domin raina a ɓace yake, ba zan iya yi maka sharhi cikin lallami kamar yadda na saba ba.

Kwanakin baya ina zaune da la'asar a bakin shagon masu tura finafinai a waya a nan Kazaure, sai ga wani ƙanena a sana'a, ɗan Roni, da littafin rubutu a hammata. Ya miƙo mani yana washe baki, ya ce, "Yaya, ga labarin da zai girgiza industiri. Fim mai dogon zango ne, a YouTube za mu sa shi." Na karɓa, na karance shi a daren. Ga labarin a taƙaice: wani ɗalibin kimiyya budurwarsa ta rasu a haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Daura, ana saura mako guda ɗaurin aure. Ya kulle kansa a ɗaki shekara huɗu, ya ƙera injin da ke mayar da mutum baya cikin zamani don ya je ya hana ta shiga motar. Ya hana ta ɗin, sai ajali ya same ta ta wata hanya. Akwai waƙa uku a ciki, ɗaya a bakin dam.

Washegari na ce masa, "Malam, ina ka samo wannan?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Yaya wani tsohon fim ne na Turawa, The Time Machine, na ɗan gyaggyara shi." Na ce, "Ka san daga littafi aka ciro shi?" Sai ya dube ni ya ce, "Littafi kuma?"

To a nan fa ciwon yake. Yaron nan yana da basira, hirar da ya rubuta tsakanin ɗalibin da mahaifiyarsa ta sa ni na ajiye littafin na yi shiru. Amma abin da ya wanko shi ma wankakke ne, kuma waɗanda suka fara wankin sun riga sun zubar da tsabar, dussar suka tara mana.

Bari in ba ka asalin abin. Littafin The Time Machine, wato injin keta zamani, ya fito a Ingila a 1895. Wanda ya rubuta shi, H.G. Wells, bai kai shekara talatin ba a lokacin, sa'ana ne ke nan. Ɗan talakawa ne. An taɓa kai shi koyon aiki a kantin yadi, mahaifiyarsa kuwa aikatau take yi a wani katafaren gidan masu hannu da shuni da ake kira Uppark, gidan da ke da hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa waɗanda barori ke bi suna kai da kawo, iyayen gida na sama suna shan iska. Ka riƙe wannan a ranka.

Matafiyin da ke cikin littafin ko suna ba a ba shi ba, balle budurwar da ta mutu. Son sani kawai ya ɗora shi a kan injinsa, ya nausa gaba har shekara ta 802,701. Can ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu. A bisa ƙasa akwai Eloi, 'yan ƙanana, kyawawa, ba noma ba karatu ba tunani, sai cin 'ya'yan itace da wasa. Lalacewarsu ta kai ruwa ya ja wata daga cikinsu mai suna Weena, 'yan'uwanta na tsaye suna kallo, babu wanda ya motsa sai baƙon. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai Morlock, masu gudun haske, su ke kula da injuna, su ke yi wa Eloi sutura. In dare ya yi, musamman daren da babu farin wata, sai su fito su kama Eloi su tafi da su rami su cinye. Sannu a hankali matafiyin ya gano bakin zaren: Eloi jikokin masu kuɗi ne da hutu ya kashe wa zuciya, Morlock kuwa jikokin leburori ne da aka tura rami tun fil'azal. Zamani ya juya, wanda ake bauta wa jiya ya koma ragon da ake kiwo.

Wannan shi ne littafin. Injin abin hawa ne kurum, kamar jakin da ya kai ka kasuwa. Abin da Wells ke cewa mutanen Landan shi ne, ku dubi yadda kuke zaune da masu yi maku wahala, ga inda hanyar ta nufa. Bai ma tsaya nan ba, ya ƙara tura matafiyin shekara miliyan talatin gaba, inda rana ta yi ja ta kusa mutuwa, babu ɗan Adam ko ɗaya. Ya dawo gida da furanni biyu da Weena ta sa masa a aljihu, ya ba abokansa labari, ya sake hawa injin, ba a ƙara ganinsa ba. Babu wanda ya ceto, babu wanda ya aura.

A 1960 darakta George Pal ya mayar da littafin fim a Amurka, Rod Taylor ya fito a jarumi. Fim ne mai kyau, har ya ci kyautar Oscar a fannin dabarun hoto. Sai dai tun daga nan aka fara gutsurar labarin. Zamanin tsoron makamin nukiliya ne, don haka aka ce yaƙi ne ya raba Eloi da Morlock, har aka nuna bam ya tashi Landan a 1966. Maganar mai kuɗi da talaka ta yi ƙasa. Amma ko ba komai Pal ya musanya tsoro da tsoro, ya yi wa mutanen zamaninsa magana a kan abin da ke hana su barci. Wannan na yafe masa.

Wanda ban yafe wa ba shi ne na 2002, wanda ƙanena ya gani. Kuma abin takaici, daraktansa Simon Wells tattaɓa-kunnen marubucin ne! An ɗauke labarin daga Ingila an kai shi birnin New York. An ba jarumin suna, Alexander Hartdegen, Guy Pearce ya hau matsayin. An ƙirƙiro masa budurwa, Emma, ɗan fashi ya harbe ta a daren da ya nemi aurenta. Ya shekara huɗu yana ƙera inji, ya koma baya ya tsamo ta daga hannun ɗan fashi, keken doki ya zo ya ƙarasa ta. Sai ya nufi gaba neman dalili. Me ya raba 'yan Adam gida biyu a wannan karon? Wai wata ne ya farfashe a 2037 saboda gine-ginen da ake yi a kansa. Ka ji fa. Laifin ya tashi daga wuyan mutane ya koma sama. Eloi sun zama jarumai masu ƙira, Morlock sun zama dodanni masu tsalle, har da sarkinsu mai dogon surutu, Jeremy Irons. Ƙarshe jarumi ya tarwatsa injin ya hallaka dodanni, ya zauna da sabuwar yarinya.

Kada in yi zalunci, wurin da ake nuna shekaru na gudu, gine-gine na tashi suna rushewa, ƙasa na zaizayewa, abin kallo ne, kuma kwalliyar dodannin sai da ta shiga takarar Oscar. To amma dala miliyan 80 aka kashe, kuma babban darasin da aka fito da shi shi ne mutum ba ya sauya abin da ya riga ya faru. Haba jama'a! Wane ɗan makarantar allo ne a Gwiwa bai san wannan ba? Mu da muka yi imani da ƙaddara tun muna goye, sai mun yi sallama da Hollywood kafin mu ji cewa da-na-sani ƙeya ce?

Abin da ya sa fim ɗin nan ya tsaya mani a maƙogwaro shi ne, na san cutar, tamu ce. A ɗauko littafi, a zare masa laka, a cusa soyayya a gurbin, a yi waƙa a cikin fulawowi, a kai kasuwa. Abin da muka daɗe muna kira wankiya ke nan, bambancin kawai su da dala suke yin tasu.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai aro ba laifi ba ne, ko Abubakar Imam ya yi aro. Ƙwarai kuwa. Magana Jari Ce cike yake da labaran da aka ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na gabas. Amma Imam ya karanta abin da ya ara, ya san inda ƙashin bayan kowane labari yake, shi ya sa da ya sa masa riga da hula ba ka gane baƙo ne. Haka da Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, bai ce bauta ta yi ɗaci bari a sa zuma ba, ya bar uwa tana keta sahara tana neman ɗanta. Su daga tushe suka ɗiba. Mu kuwa mun tsaya a ƙarshen kwata muna tarar abin da ya gangaro.

Za a ce kuma babu kuɗi, fim ɗin kimiyya sai Turawa. Wannan ma zance ne. A 2004 wani Ba'amurke mai suna Shane Carruth ya yi fim ɗin keta zamani mai suna Primer da dala 7,000 kacal, injinsa akwati ne a ɗakin ajiya, ya kuma ci babbar kyauta a bikin finafinai na Sundance. Tun a 1962 Chris Marker na Faransa ya yi La Jetée, minti 28, kusan gaba ɗayansa hotuna ne marasa motsi da murya a kai, kuma daga cikinsa aka ciro 12 Monkeys a 1995. Kuɗin da furodusa ke kashewa a kan waƙa uku da canjin kaya goma sha biyu ya isa.

Sai masu cewa Bahaushe bai san irin wannan labari ba, ba zai karɓa ba. Wa ya gaya maku? Duk Juma'a ana karanta Suratul Kahfi a masallatanmu, da labarin samarin da suka yi barci shekara 309, suka farka suka aiki ɗayansu gari da tsohon kuɗi. Kunnen Bahaushe ya saba da mutumin da ya buɗe ido ya ga duniya ta sauya masa. A adabi ma, tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro Kilba aka yi sararin samaniya da shi. Matasa nawa cikin masu riƙe da kyamara a yau suka taɓa buɗe shi? Su kuma masu kallo, ka tsaya a shagon tura fim ka ga yadda ake rububin fassarar Hausa ta finafinan Indiya masu aljanu da injuna, sa'an nan ka zo ka ce mani 'yan kallo ne matsalar.

Ni dai ga abin da na faɗa wa ƙanena, kuma shi nake faɗa wa duk mai niyyar taɓa wannan fanni. Ka bar yarinyar nan ta huta a kabarinta. Ka juya kan injinka gaba. Ba sai ka je shekara dubu ɗari takwas ba, shekara ɗari ta isa. Ka kafa shi a bakin dam ɗin Kazaure ka ja linzami, ka buɗe ido ka gaya mana, da sauran ruwa? Ka hau hanyar Babura har bakin iyakar Nijar, ka duba mana ko bishiyoyin da ake dasawa don tare hamada, a ƙarƙashin shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, sun zama daji ko sun zama gawayi. Ka leƙa ƙauyukan Gwiwa da suke zama sai tsofaffi da mata da zarar an gama girbi samari sun tafi ci-rani, ka ga ko akwai wanda ya dawo.

Sa'an nan ka yi tambayar Wells, wadda tattaɓa-kunnensa ya ji tsoron yi. Ga yaro an kai shi karatu ƙasar waje, ko ruwan shansa bai taɓa ɗiba da hannunsa ba. Ga sa'ansa yana fasa dutse a tsaunukan Roni, ko yana yawo da roba a tashar mota. Jikokin waɗannan biyu, in aka ci gaba a haka, za su gane juna a matsayin 'yan'uwa? Da wane harshe za su gaisa? Kuma wa zai riƙa jin tsoron dare?

Ba ma sai na ja maganar da nisa ba. Maƙwabtanmu na Katsina da Zamfara sun san abin da ake nufi da mutanen da ke fitowa daga daji cikin duhu. Ba wanke ɗan ta'adda nake yi ba, Allah ya isar wa waɗanda aka zalunta. Cewa nake yi littafin da aka rubuta a Ingila a 1895 ya fi kusa da mu fiye da fim ɗin 2002, nesa ba kusa ba, kuma marubucin da ya gane haka ba ya bukatar dodon roba.

Na san diloli da masu ƙirga 'yan kallo a YouTube za su ce wannan ba zai ja kasuwa ba, a sa soyayya. A sa mana, wa ya hana? Ko Wells ya sa Weena da furanninta. Amma ya bar ta a matsayin gishiri, bai juye buhun a tukunya ba.

Na ba ƙanen nawa aron kwafina na littafin, wanda na saya a hannun masu gwanjon littattafai a Kano tun ina ajin farko na difloma, shafinsa bai fi ɗari da 'yan kai ba. Ya juya shi gaba da baya, ya ce Turancin tsoho ne, zai sha wuya. Na ce ya sha. Bayan kwana tara sai ga wayarsa daga Roni da tsakar dare, ko sallama babu, ya ce, "Yaya, wai da gaske bai samo Weena ba bayan gobarar nan?" Na ce da gaske. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in ba shi wata biyu, kuma kada in nuna wa kowa wancan rubutun.